Na Je Finlan Ganin Jaririya, Na Ɓuge da Gadin Kwamfuta

Ƙanwata ce ta tashe ni wannan tafiya. An yi wa ɗanta na fari haihuwa a Finlan, inda yake karatun digiri na uku, ita kuma ciwon gwiwa ya hana ta zaman jirgi, sai ta ce ni in je in gano mata jikar. Ta haɗa mini kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. Kilishi da man shanu kuwa a Kano muka bar su, don dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara. Da yake ɗan fari ne, uwarsa ba ta kama sunansa, ni ma zan bi sahunta a wannan rubutu.

A watan Disambar 2024 na sauka Helsinki. Yaron ya tarbe ni da wata jibgegiyar riga, ya kuma maƙala mini wani ɗan abu mai ƙyalli a bakin aljihu, ya ce kowa na rataya irinsa don direbobi su hango mutum cikin duhu. Sai washegari na gane amfaninsa. Rana ba ta leƙowa sai bayan tara na safe, uku da 'yan mintoci kuma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba a jere suke zuwa cikin awa uku, da alwala ɗaya na riƙa yin su. Gidansu yana Espoo, birnin da ke manne da Helsinki ta yamma.

Jaririya lafiya lau, mai jego ma haka, na aika hotuna an yi ta guɗa a gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

A dare na uku barci ya ƙaurace mini, na fito shan ruwa wajen ƙarfe biyu. Na tarar da shi a falo, 'yar a kafaɗa yana jijjiga ta, ɗayan hannun a kan laftof. Na ɗauka ƙwallo yake kallo. Da na matso sai na ga baƙin allo cike da rubutu, idonsa kuma yana can ƙasa ta hagu, inda wani siririn layi ke cewa aiki biyu na tafiya, ɗaya na jira, saura awa goma sha ɗaya.

"Kawu, ba ka yi barci ba?"

"Kai da ka yi fa? Me kake gadi haka da tsakar dare?"

"Tukunya na ɗora a Kajaani, nake leƙawa kada ta ƙone."

Kayaani suke furta sunan garin, har na fara ɗauka cewa yake kaya ne suka yi masa yawa.

Aikinsa shi ne koya wa na'ura jin maganar mutane, har da Hausa. Ana zuba mata sauti na ɗaruruwan awoyi tare da rubutun abin da aka faɗa, ta yi ta cinka, tana kuskure ana gyara mata lissafi, sau miliyoyi, har ta fara kamawa. Ya ce Hausa na wahalar da ita ta wani gefe, domin bokonmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin murya: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya. Mutanen Finlan sun huta da wannan, su ninka harafin suke yi a rubuce. Tuli wuta ce, tuuli iska, tulli kuma kwastan. Da aka gwada ni, karon farko na raba su, kunnen Bahaushe ya saba da irin wannan.

Laftof ba ta iya wannan girki, shekaru za ta kwashe ba ta tafasa ba. Ana buƙatar katunan lissafi da ake kira GPU, masu yawa, a haɗe wuri ɗaya. Nasu suna cikin wata gagarumar kwamfuta mai suna LUMI, wato dusar ƙanƙara a harshensu. An ƙaddamar da ita a watan Yunin 2022, kuma a lokacin ita ce ta uku a ƙarfi a duniya, ta ɗaya a Turai. Ƙasashe goma ne suka haɗa hannu da Tarayyar Turai aka saye ta. Ɓangarenta na GPU kaɗai yana da akwatuna 2,978, kowanne da katin kamfanin AMD guda huɗu, kusan dubu goma sha biyu ke nan. A cikinta aka horar da Poro, samfurin harshen Finlan da masu bincike na Jami'ar Turku da kamfanin Silo AI suka fara fitarwa a 2023. Tana Kajaani, sama da kilomita 500 arewa da inda muke zaune, kusan kamar Kano zuwa Maiduguri.

Na tambaye shi yaya kamanninta. Ya ce a hoto ya ga an zana kyarkeci a jikinta. Shekara biyu yana aiki da ita dare da rana, bai taɓa taka garin ba.

Yadda ake isa gare ta, washegari ya nuna mini asalinsa da ƙafa. Ya kai ni yawo Otaniemi, unguwar jami'a mai gine-ginen jan bulo da Alvar Aalto ya zana. A nan, a 1995, aka gano wani ya ɗana tarko a layin sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki yana tsintar kalmomin sirrin mutane, domin a wancan zamani tsirara suke bi ta waya. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta manhajar da ke rufe zancen gaba ɗaya tsakanin kwamfutoci biyu, ya kira ta SSH, ya sake ta kyauta. Ya nemi a ba ta ƙofa ta 22, domin ta 21 da ta 23 na hannun tsofaffin manhajojin da yake so ya maye gurbinsu, aka ba shi. Yau duk mai shiga wata kwamfuta daga nesa, ko a Amurka take ko a Sin, kusan ta wannan ƙofa yake bi. Tsallaken ruwa kaɗan kuma, a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, kuma a kanta ita ma LUMI ke tafiya. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba ce ta ba duniya ƙofar da kuma daɓen ɗakin. Na lura mutanenta ba sa son yawan magana ido da ido, ban yi mamaki ba da suka ƙware wajen aika saƙo daga nesa.

To amma wanda ya shiga ta SSH ba cikin gida ya faɗa ba, a zaure ya tsaya. Zauren 'yan kwamfutoci ne ƙalilan da ɗaruruwan mutane ke rabawa. A nan za ka shirya kayanka, ka duba takardunka, amma ba a hura wuta a zaure. In kana son akwatunan aiki sai ka bi ta hannun wata manhaja mai suna Slurm, wadda aka ƙirƙira a ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Amurka farkon shekarun 2000. Ita ce sarkin tasha. Ka rubuta mata 'yar takarda: akwati kaza nake so, na awa kaza, ga abin da za a yi. Ka miƙa da umarnin sbatch, ka duba layi da squeue, in ka fasa ka janye da scancel. Aikin da ke jira ana sa masa PD, wanda ya samu shiga R. A babban layi ba a wuce kwana biyu, lokaci na cika za a datse ka ko kana tsakiyar jimla. Shi ya sa masu horar da na'ura ke ajiye abin da ta koya lokaci-lokaci, kamar matafiyi mai yada zango, in an datse su ci gaba daga zangon ƙarshe.

Ba kuɗi ake biya hannu da hannu ba. Kowace ƙungiyar bincike takan nema a ware mata awoyi, a cikinsu kowa ke ɗiba. Lissafin kuma irin na shatar tasi ne: ko kana ciki ko ka shiga gaisuwar mutuwa, muddin ka riƙe motar kuɗi na tafiya.

A nan ya ɗebo da zafi. Wata Juma'a cikin bazara ya riƙe akwati huɗu na kwana biyu, ya tayar da aiki, ya ga lambobi sun fara gudu, ya rufe laftof ya tafi masallaci, daga can ya raka iyali awon ciki. Bayan kamar minti ashirin aikin ya sarƙe. Kati ɗaya ya tsaya jiran saƙon ɗan'uwansa, sauran suka tsaya jiransa, shi ke nan. Aikin bai mutu ba balle Slurm ta karɓe akwatunan ta ba wani, bai kuma ci gaba ba. Kati goma sha shida sau awa arba'in da takwas: awa 768 na rabon ƙungiya suka tafi a banza, ga abokan aikinsa biyu na neman kammala takarda. Ranar Litinin ya je ya faɗa wa malaminsa da bakinsa. Malamin ya dubi allon, ya yi shiru mai tsawo, ya ce "no niin", wanda a bakinsu yake kamar namu "to".

"Kawu, da ya zage ni da na fi samun sauƙi."

Daga wannan "to" ɗin aka haifi ɗan layin da na gani a ƙasan allo.

Manhajar da yake rubuta umarnin kwamfuta a ciki VS Code ce, ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 2015, kuma yau mafi yawan masu wannan sana'a a cikinta suke wuni. An yi ta ne da ramukan da kowa zai iya jona nasa ƙarin. Ekstenshan suke ce masa, ma'anar kuma ba ta yi nisa da ekstenshan ɗin wutar da muke saya a kasuwar Sabon Gari ba: soket ɗaya ne a bango, kai ka jawo shi zuwa inda kake buƙata. Tun 2019 kamfanin ya fitar da wani ƙari, Remote-SSH, da ke ba mutum damar buɗe fayilolin kwamfuta mai nisa kamar a gabansa suke. Yaron yana amfani da shi kullum. Sai dai shi fayiloli ya sani, bai san layin tasha ba, bai san awa nawa suka rage ba. Wannan giɓin ya ce zai cike.

Fara ginin ba wuya, a gabana ya sake yi don in gani. Ya buga yo code, aka yi masa 'yan tambayoyi, sai ga ƙashin aikin ya fito. Akwai fayil ɗaya, package.json, inda kake shelanta abin da za ka ƙara: maɓalli a nan, jeri a gefen hagu, umarni mai suna kaza. Akwai wani kuma da ake rubutawa da harshen TypeScript, mai ɗauke da abin da zai faru idan an tayar da ƙarin. Ya danna F5, wata taga ta biyu ta buɗe da sabon abin a ciki yana aiki. Duka bai kai shan shayi ba. Ya ce ranar farko rabin yini ya ishe shi ya ga jerin ayyukansa a gefen allo, har ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa. Wata shidan da suka biyo baya kuwa a kan tambayoyin da ba na rubutu ba suka ƙare.

Ta farko: a ina ƙarin zai zauna? VS Code ta ba da zaɓi, ko ya zauna a laftof ɗinka ya riƙa aike, ko ya tare a can kwamfuta mai nisa. Tarewa a can ta fi sauri, amma a zauren jama'a ke nan, kuma masu kula da irin waɗannan na'urori ko'ina ba sa son baƙon da zai shimfiɗa tabarma a zaure ya kwana. Ya zaɓi laftof. Ta biyu: makulli. Ba a shiga LUMI da kalmar sirri, sai da tagwayen makullan SSH, ɗaya a wurinsu ɗaya a wurinka. Ya yanke cewa ƙarinsa ba zai taɓa makullin kowa ba, ko gani. Zai dai roƙi manhajar SSH da ke kwamfutar mutum ta kai masa saƙo. Don kada ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofa sabo duk bayan minti, ya yi amfani da wata dabarar manhajar SSH ta buɗe hanya ɗaya a yi ta bi. Mako biyu yana murna, sai wani mai Windows ya gwada abin ya ƙi, ashe SSH ɗin da ke zuwa da Windows ba ta da wannan dabara. Ya koma ya yi wa masu Windows tasu hanyar.

Ta ukun a ɗakin shan kofi na wurin aikinsu na ji ta, a gaban mai ita. Wata abokiyar aikinsa ce 'yar ƙasar, mai kimanin shekara talatin, kofi na uku a hannunta tun kafin sha ɗaya. (Kofin da suke sha a ƙasar nan, da goro ne da haƙoran kowa sun yi ja.) Ita ce ta fara karɓar ƙarin ta gwada. Ya ce bayan kwana ɗaya ta zo ta tsaya a kansa.

"Duk bayan yaushe yake tambayar layi?"

"Daƙiƙa biyu."

"Mu nawa ne a kan na'urar?"

Ba ta ƙara ko kalma ba, ta buɗe masa littafin bayanin Slurm ta nuna masa wurin da aka gargaɗi mutane kada su sa squeue cikin zagaye yana ta maimaituwa, domin kowace tambaya kan sarkin tasha ɗaya take sauka, in ta yi yawa rabon layin kowa zai yi nauyi. Wato ya ƙera abin hana ɓarna, abin kuma na shirin zama wata ɓarnar. Ya mayar da shi minti ɗaya, kuma sai in mutum ya buɗe jerin yana kallo. Yana ba ni labarin tana tsaye tana gyaɗa kai, ko murmushi babu. Da za mu tafi ta ce mini da Turanci yaronku yana jin magana. Ya ce a bakinta wannan kirari ne.

Ita ce kuma ta sa ya raba maɓallin duba rahoto da na kashe aiki. Da farko kafaɗa da kafaɗa ya jera su, 'yan mitsi-mitsi, har wani ya zo leƙa aikinsa na awa talatin ya aika shi lahira. Yanzu kafin a kashe sai taga ta fito da sunan aikin da awoyin da ya ci, ta tambaya ko da gaske kake.

Inda abin ya fi burge ni shi ne yadda ake gane aiki ya sarƙe. Hankali zai ba ka cewa a duba katunan, in ba sa komai to an tsaya. Haka ya yi da farko. Akwai umarnin rocm-smi da ke faɗin kashi nawa cikin ɗari kowane kati ke aiki, ya sa ƙarin ya riƙa leƙawa. Sai ya sarƙe wani aiki da gangan don gwaji, ya duba: ɗari bisa ɗari, duka katunan. Ashe katin da ke jiran ɗan'uwansa ba zama yake yi ba, juyi yake ta yi a wuri ɗaya yana tambaya ko saƙo ya iso. Mota ce a furi ana ta ba ta wuta, ƙara kamar za ta tashi sama, taya ko motsi. Da ƙarin nan na farko yana nan ranar waccan Juma'a, da kore zai nuna masa kwana biyu cur. Ya watsar da wannan ma'auni ya koma kan abu mai sauƙi. Aikin da ke tafiya yana rubuta rahoto layi-layi, an kai mataki kaza, kuskure ya ragu zuwa kaza. In fayil ɗin rahoton ya yi rabin awa bai ƙaru ba, akwai magana.

Ni da ban san komai a harkar ba, a nan na jefa tambayar ɗan ƙauye. Na ce to ai ka ce a laftof abin yake zaune. Ranar da ka yi ɓarna rufe laftof ɗin ka yi ka tafi masallaci. In an rufe, wa zai duba?

Ya ajiye cokali ya yi dariya har 'yar ta motsa.

"Wallahi Kawu wata biyu na yi kafin in yi wa kaina wannan tambaya."

Maganin da ya samo shi ne raba aikin biyu. Idan ƙarin zai miƙa takarda ga Slurm, sai ya cusa wani ɗan maigadi a ciki, 'yan layuka ƙalilan, ya tafi tare da aikin ya zauna can cikin akwatin. Shi ke duba rahoto, in ya ga shiru ya aika wa mai aikin wasiƙa. Ya kuma roƙi Slurm ta yi wa aikin ishara 'yan mintoci kafin lokaci ya cika, don ya samu ya yada zango kafin a datse. Na laftof ɗin ya zama taga kawai. An yi gardama a ƙungiyar kan ko maigadin ya kashe aikin da kansa. Yaron yana so, don shi ya san zafin 768. Abokiyar aikin ta ƙi, ta ce akwai aikin da ke yin shiru na halal, yana kwasar bayanai ko yana gwaji mai tsawo, kuma ba ta yarda manhajar wani ta yanke hukunci a kan aikinta ba. Aka tsaya a kan kowa ya zaɓa wa kansa. A ganina ita ce da gaskiya, ko da yake na lura shi ya kunna wa nasa.

Mutum goma sha ɗaya ke amfani da ƙarin. Bai sa shi a kasuwar ekstenshan ta Microsoft ba, bai sa a ta Open VSX ba, fayil ɗaya mai ƙarewa da vsix yake tura musu hannu da hannu. Dalilinsa na farko mai nauyi ne: ƙarin VS Code ba shi da shinge, duk abin da mai kwamfuta zai iya taɓawa shi ma zai iya, saboda haka ya fi son wanda zai sa ya fara karanta abin da ke ciki. Na biyun kuwa lalaci ne da aka yi wa rawani. Ya ce sakin manhaja ga duniya haihuwa ce ta biyu, ita ma kukan dare take yi, wani a Brazil zai tashe ka ya ce ba ta aiki a wurinsa. Ban yarda da shi ba, na kuma faɗa masa. Abokan karatunsa da ke gida, masu aikin harsunan Afirka irin 'yan Masakhane, ba su da LUMI. Da dandalin kyauta masu iyakar lokaci irin su Colab da Kaggle suke lallaɓawa, ko su yi hayar GPU da dala, awa-awa. Wanda ya manta da injin haya a kunne daren Juma'a, daga aljihunsa za a cire. Su suka fi kowa buƙatar maigadin nan. Ya ce zai duba bayan ya miƙa kundinsa. Na san irin wannan "zan duba", a gidanmu ya gaje ta.

Ni na matsa sai mun je Kajaani. Ya ce Kawu ba abin gani, na ce gani ya kori ji. Muka hau jirgin ƙasa ranar Asabar, tafiyar sama da awa shida, ta Kouvola da Mikkeli da Kuopio. Daji ne iri ɗaya, dogayen itatuwa sanye da fari, sai tafkuna da suka daskare kamar an shimfiɗa alawayyo. Da ƙarfe uku taga ta zama madubi. Bayan mun wuce Kuopio intanet ɗin wayarsa ta ɗauke na ɗan lokaci, na zuba ido in ga yadda ɗan layin zai yi. Koren ya koma toka-toka, rubutun ya ce labarin ƙarshe minti huɗu da suka wuce. Da layi ya dawo ya sake jona kansa ba tare da an taɓa shi ba. Yaron ya ce wannan ɓangaren abokan aikinsa ba su ga amfaninsa ba da farko, su da intanet ba ta yanke musu. Shi kuwa a ɗakin kwanan ɗalibai a gida ya koye shi, inda wuta kan ɗauke tsakiyar aiki, allo ya ci gaba da nuna maka tsohon labari kana ta murna. Ya rantse abin da ya ƙera ba zai nuna kore ba sai ya ji da kunnensa.

Kajaani ƙaramin gari ne, mutum dubu talatin da 'yan kai, kogi ya ratsa shi. A tsakiyar kogin, ƙarƙashin gada, akwai kangon wata ganuwa da sojojin Rasha suka tarwatsa a 1716. A garin nan Elias Lönnrot ya yi aikin likita tun daga 1833, daga nan yake fita ƙauyuka da ƙafa yana rubuta waƙoƙin baka daga bakin tsofaffi, har ya haɗa su a littafin Kalevala a 1835. Na ce wa yaron ashe sana'arka tsohuwa ce a garin nan, tara maganar mutane. Da can da kwalta suke ci, wadda ake tatsa daga itace a kai bakin teku cikin ganguna. Daga baya masana'antar takarda ta riƙe garin, har kamfanin UPM ya rufe ta a 2008, mutum sama da 500 suka rasa aiki. Abin da masana'antar ta bari shi ya jawo kwamfuta: manyan zauruka, layukan wuta masu ƙarfi, lantarkin ruwa, ga sanyi kyauta. Zafin da LUMI ke fitarwa ba a zubar da shi, ana tura shi cikin bututun ruwan da ke ɗumama gidajen garin, kuma an tsara zai iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin biyar na buƙatarsu. A masauki na dafa ƙarfen ɗumama ɗaki na ji zafi rau. Na ce masa ashe awoyinka 768 ba duka suka tafi a banza ba, wata tsohuwa ta ji ɗumi. Bai yi dariya ba.

Lahadi da hantsi, in ana iya kiran wannan toka-tokan haske hantsi, muka ɗauki tasi zuwa Renforsin Ranta, harabar tsohuwar masana'antar. Ba mu nemi izinin shiga tun da wuri ba, don haka a waje muka tsaya. Dogayen gine-gine ne marasa ado, dusar ƙanƙara ta kai ƙauri, ba kowa sai mu da direban da ya bar injinsa a kunne. Na kasa kunne ko zan ji gurnanin abin da aka ce ya taɓa zama na uku a duniya. Ban ji komai ba sai ƙarar takalmina.

Yaron ya ɗora laftof a kan but ɗin motar, ya cire safar hannu, ya jona da wayarsa. Tun daren da muka iso ya miƙa wani aiki. Na leƙa ta kafaɗarsa: PD.

"Ga ka a ƙofar gidan, ba za su duba ka ba?"

"Kawu, ko daga Kurna a Kano na aiko, nan ne matsayina a layi."

Yatsunsa suka fara ƙagewa, ya rufe, na ɗauke shi hoto da ginin a bayansa don uwarsa, muka koma tasha. Aikin bai samu shiga ba sai ƙarfe huɗu saura na daren Litinin, mun riga mun koma Espoo. Jaririyar ce ta tashe shi, ya gani.